DARASIN AƘIDA: TSORON GUSHEWA BAYAN MUTUWA DA IMANI DA RANAR LAHIRA

Dukkan yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya samar da mu bayan babu mu, yake ciyar da mu, yake shayar da mu, kuma a gabansa za mu tsaya gobe ƙiyama. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata damuwa wadda mutane da yawa suke ɗauke da ita a zuci, amma kaɗan ne suke iya furta ta a gaban malami. Mutum ne zai kwanta da dare, gari ya yi tsit, sai tunani ya faɗo masa: shin idan na mutu aka binne ni, ƙasa ta cinye ni, ba shi ke nan na ƙare ba? Ba ji, ba gani, ba tunani, ba ni kaina, har abada? Sai gabansa ya faɗi, barci ya ƙaurace masa har asuba. Wannan yana samun dattijon da ya binne sa'o'insa ɗaya bayan ɗaya, da uwar da ta rasa ɗanta, da ɗan lakwal da ya fara karatun falsafa a ajin ƙarshe na lise, har da almajirin da ya sauke Alƙur'ani. Yawancinsu suna yin shiru don gudun kada a ce imaninsu ya yi rauni, ko a jefe su da kafirci. Alhali kuwa magabata sun ce kowa ya ɓoye ciwonsa, ciwo zai ɓoye shi. Saboda haka muka ga ya wajaba mu fito da wannan mas'ala fili, mu duba ta da hasken Alƙur'ani da Sunna.

RABE-RABEN TSORON MUTUWA

Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah ya yi maka rahama, tsoron mutuwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai tsoron zafin fitar rai. Akwai tsoron rabuwa da iyali da tunanin wa zai riƙe marayu. Akwai tsoron hisabi da abin da mutum zai tarar na zunubansa, wanda shi ne tsoron salihan bayi, kuma abin yabo ne matuƙar yana tura mutum ga tuba. Sai na huɗu, wanda a kansa muke magana, wato tsoron gushewa: mutum ya ji kamar mutuwa ita ce shafewarsa gaba ɗaya, kamar yadda fitila take mutuwa idan mai ya ƙare.

Ukun farko suna tare da imani da lahira. Na huɗun kuwa yana tasowa ne daga ɗayan abu biyu: ko dai ƙarancin sanin haƙiƙanin mutuwa, ko kuma waswasin da Shaiɗan yake jefawa a zuciyar mumini. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da magani.

ASALIN WANNAN TSORO

Son dawwama ɗabi'a ce da Allah ya gina ɗan Adam a kanta. Dubi yadda Iblis ya ɓullo wa babanmu Annabi Adamu (A.S.) a gidan Aljanna. Suratu Ɗaha, aya ta 120, ta nuna cewa da kwaɗayin itaciyar dawwama da mulkin da ba ya tsufa ya ruɗe shi. La'anannen ya san ƙofar da ta fi sauƙin shiga a zuciyar mutum. Ke nan wanda ya ji zuciyarsa tana ƙin gushewa, kada ya ɗauka wani baƙon ciwo ne ya same shi shi kaɗai, gadonsa ne daga Adamu.

A nan akwai abin lura ga mai hankali. Allah ya halicci ƙishirwa, ya halicci ruwa. Ya halicci yunwa, ya halicci hatsi. Ya sanya wa jariri neman nono tun ranar haihuwarsa, ya kuma tanadar masa nonon kafin ya iso. To, yaya Mai hikima zai dasa wa ɗan Adam ƙishirwar dawwama mai tsanani haka, sa'annan ya zamo babu inda za a kashe ta? Duniya dai ba ta kashe ta, domin ko wanda ya shekara ɗari yana son ƙari. Wannan ƙishirwa da ke hana ka barci tana nuni ne zuwa ga wani gida wanda ba wannan ba.

Neman natsuwa a kan wannan al'amari kuma ba laifi ba ne. Annabi Ibrahim (A.S.), badaɗin Allah, ya roƙi Ubangijinsa ya nuna masa yadda yake rayar da matattu, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 260. Da aka tambaye shi ko bai yi imani ba ne, sai ya tabbatar da imaninsa, ya bayyana cewa natsuwar zuciya yake nema. Allah bai yi fushi da shi ba. Ya umurce shi da ya kama tsuntsaye huɗu, ya rarraba sassansu a kan duwatsu, sa'annan ya kira su, suka zo masa da gaggawa. Idan Annabin Allah ya nemi ƙarin yaƙini aka ba shi, ina ga ni da kai?

MECE CE MUTUWA A MUSULUNCI?

Imani da ranar lahira shi ne rukuni na biyar cikin rukunan imani shida waɗanda suka zo a hadisin Mala'ika Jibrilu, wanda Imam Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar (R.A.). Malamai sun bayyana cewa wannan rukuni ya ƙunshi duk abin da zai faru tun daga fitar rai: tambayar kabari, ni'imarsa ko azabarsa, tashi, taruwa, hisabi, mizani, siraɗi, Aljanna da wuta.

Mutum abu biyu ne, jiki da ruhi. Jiki daga ƙasa yake, kuma ƙasa zai koma. Ruhi kuwa mala'ika ne yake busa shi ga ɗan tayi bayan kwana 120 a cikin mahaifa, kamar yadda hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) ya nuna. Mutuwa ita ce rabuwar waɗannan biyu. Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya keɓe littafi na ƙarshe cikin littattafai 40 na Ihya'u ga ambaton mutuwa da abin da ke bayanta, inda ya bayyana cewa mutuwa canjin hali ce, ruhi yana nan bayan ya bar jiki, sai dai jikin ya daina yi masa biyayya. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751, ya lissafa wa ruhi gidaje huɗu a Kitabur Ruhi: cikin uwa, da duniya, da barzahu, da gidan tabbata, kowane gida ya fi na gabaninsa faɗi. Ɗan tayi da za a gaya masa akwai sama da ƙasa da rana da wata a bayan wannan duhu da yake ciki, da ba zai gane ba, kuma da kuka yake fitowa. Amma wa ya taɓa roƙon a mayar da shi?

Barzahu shi ne zaman da ke tsakanin mutuwa da tashi, kuma an ambace shi a Suratul Muminuna, aya ta 100. Wannan ita ce aƙidar da muka gada a makarantunmu na zaure, daga Yamai har Damagaram. Duk wanda ya karanta babin aƙida na Risalar Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386, ya ji cewa rayukan masu rabo suna nan cikin ni'ima har ranar tashi, na shaƙiyyai suna cikin azaba, kuma ana jarraba muminai a kusheyinsu. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, daga Ka'abu ɗan Malik (R.A.), cewa ran mumini yana zama tsuntsu mai ci daga itatuwan Aljanna har ranar da Allah zai mayar da shi jikinsa.

A ranar Badar, shekara ta 2 bayan hijira, an jefa gawawwakin shugabannin Ƙuraishawa a cikin wata tsohuwar rijiya. Manzon Allah (S.A.W.) ya tsaya a bakinta yana kiran su da sunayensu da na ubanninsu, yana tambayarsu ko sun tarar da alkawarin Ubangijinsu gaskiya ne. Sayyidina Umar ya yi mamakin yadda ake magana da gawawwaki, sai Annabi ya sanar da shi cewa masu rai ba su fi su jin maganar ba, amsawa ce kawai ba su iyawa. Bukhari da Muslim suka ruwaito. Haka nan Amru ɗan Asi (R.A.), da ajalinsa ya kusato, ya yi wa iyalansa wasiyya su tsaya a gefen kabarinsa gwargwadon lokacin da za a soke raƙumi a raba namansa, domin ya ɗebe kewa da su yayin da zai amsa wa manzannin Ubangijinsa. Sahabbai ba su ɗauki mamaci a matsayin wanda ya gushe ba.

Ko harshenmu ma shaida ne. Bahaushe yakan ce wane ya riga mu gidan gaskiya, ko ya koma ga Mahaliccinsa, ko ya amsa kira. Yakan ce rai baƙon duniya ne. Baƙo kuwa idan ya yi sallama, gida ya nufa.

SHUBUHAR MASU MUSUN TASHI

Cewa mutuwa ita ce ƙarshen kome ba sabuwar magana ba ce da ilmin zamani ya gano. Suratul Jasiya, aya ta 24, ta ba da labarin mutanen da suka ce babu wata rayuwa sai ta duniya, kuma zamani ne kaɗai yake halaka su. Su ne malamai suke kira Dahriyya. Ayar ta yanke musu hukunci da cewa ba su da wani ilmi a kan abin da suke faɗa, zato ne kawai. Har yau maganar tana nan a matsayinta na zato. Likita yana iya auna tsayawar zuciya da yankewar numfashi da mutuwar ƙwaƙwalwa, domin waɗannan duka na jiki ne. Amma babu wata na'ura da ta bi ruhi ta dawo da labarin cewa ya gushe. Suratul Isra'i, aya ta 85, ta sanar da mu cewa ruhi yana cikin al'amarin Ubangiji, kuma ilmin da aka ba mu kaɗan ne. Wanda ya ce babu kome bayan mutuwa ya yi da'awar sanin gaibu, sai ya kawo hujja.

Ƴaƴanmu da ke karatun falsafa suna haɗuwa da maganar Efikur, wani masanin ƙasar Girka da ya mutu shekara 270 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Shi yana ganin babu dalilin tsoron mutuwa, tun da muddin mutum yana nan mutuwa ba ta zo ba, idan ta zo kuma shi ba ya nan balle ya ji ta. Wannan magana ba ta sanyaya zuciyar mai tsoron gushewa, domin rashin kasancewar shi ne ainihin abin da yake tsoro. Kamar a ce wa mai tsoron faɗawa rijiya ya kwantar da hankalinsa, wai idan ya faɗa ba zai san ya faɗa ba. Sa'annan an gina ta a kan wancan zato na Dahriyya, cewa mutum jiki ne kawai.

Alƙur'ani ya amsa wa masu musu da hujjoji waɗanda manomi da makiyayi da malamin jami'a duk za su iya ganewa. Ga huɗu daga cikinsu.

Hujja ta farko: halittar farko. Malaman tafsiri sun ambaci cewa wani daga cikin manyan Ƙuraishawa, wasu suka ce Ubayyu ɗan Khalaf ne, wasu suka ce Asi ɗan Wa'il, ya zo wa Annabi (S.A.W.) da ruɓaɓɓen ƙashi yana murtsuke shi da hannu, yana tambayar wa zai rayar da wannan. Sai ƙarshen Suratu Yasin ya sauka, aya ta 78 da ta 79, da amsar cewa wanda ya ƙaga shi karon farko shi zai rayar da shi. Ka tambayi kanka, ina kake shekara ɗari da ta wuce? Farkon Suratul Insan ya tunatar da kai cewa an yi zamanin da ba ka zamo abin ambato ba. Babu ɗin da kake tsoro, ai daga cikinsa aka fito da kai, ba tare da ka roƙa ba, ba tare da ka taimaka da kome ba. Maginin da ya gina rumbu ba tare da ya taɓa ganin irinsa ba, sake gina shi bayan ya rushe ba zai gagare shi ba. Suratul Ƙiyama ta ƙara da cewa Allah mai iko ne ya daidaita har kawunan yatsu. Mu kuwa mun ga yadda aka ɗauki zanen yatsun jama'a wajen rajistar masu zaɓe kafin zaɓen 2020, saboda zanen wani ba ya zama na wani. Wanda ya bambanta yatsun talikai ba zai ruɗe da ƙasusuwansu ba.

A nan wani zai ce, to jikin da ƙasa ta cinye fa? Suratu Ƙaf, aya ta 4, ta nuna cewa Allah ya san abin da ƙasa take ragewa daga gare su, kuma akwai littafi mai tsarewa a wurinsa. Hadisin Abu Huraira (R.A.) a Bukhari da Muslim ya bayyana cewa akwai ɗan ƙashi a ƙarshen gadon baya wanda daga gare shi za a sake harhaɗa halitta. Bayan wannan, likitoci sun tabbatar da cewa tun muna da rai jikinmu yake sauyawa: jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi, ko kusa da haka, su mutu wasu su maye gurbinsu, fata ma tana zubewa tana sabuntuwa. Dattijo mai shekara 70 ba da naman da aka yaye shi yake tafiya ba, amma shi ne dai wane ɗan wane, kuma bashin da ya ci yana saurayi yana nan a wuyansa. Ke nan abin da kake kira "ni" ya wuce tsoka da jini.

Hujja ta biyu: rayar da ƙasa bayan mutuwarta. Wannan hujja ta maimaitu a Suratul Hajji, aya ta 5, da Suratu Fussilat, aya ta 39, da wasu wurare. Babu wanda ya fi mu, mutanen wannan yanki, ganin ta da ido. Dubi dajinmu a watan bazara: ƙasa ta tsage, ciyawa ta ƙare, gulbin Maraɗi ya zama rairayi ana tafiya a cikinsa da ƙafa. Baƙon da ya zo a lokacin zai rantse babu abin da zai sake tsirowa a nan. Sai ruwan farko ya sauka. Kafin mako ya zagayo ƙasa ta yi kore, kwaɗi sun cika dare da kuka, alhali jiya ba a san inda suke ba. Dubi gaiwa, kifin da yake shigewa cikin laka idan tabki ya ƙafe, ya kwanta wata da watanni a busasshiyar ƙasa, ruwa na zuwa ya fito yana iyo. Dubi ƙwayar hatsi da manomi yake binnewa da hannunsa, ya rufe ta da diddige, ya tafi gida yana sa rai. Kowace damana Allah yana maimaita mana wannan darasi a gonakinmu.

Hujja ta uku: barci. Hausawa suna cewa barci ƙanen mutuwa ne, kuma maganar tana da tushe, domin Suratuz Zumar, aya ta 42, ta bayyana cewa Allah yana karɓar rayuka lokacin mutuwa da lokacin barci, ya riƙe wanda ajalinsa ya cika, ya saki ɗayan zuwa wani wa'adi. Kowane dare kana sakin jinka da ganinka da saninka, ba ka san ko wace sa'a ce ba, kuma ba kai kake tsare kanka ba. Da asuba a mayar maka da kai cif, da sunanka da tunaninka. As'habul Kahfi sun yi shekara 309 a kogo, suka farka suna zaton yini ɗaya ne ko sashensa. Wanda ya tsare ka daren jiya shi ne zai tsare ka a kushewa.

Hujja ta huɗu: adalci. Muna gani da idonmu wani ya cinye gonar marayu ya mutu cikin daula, wani ya kashe bayin Allah a kan hanya ko a ƙauyensu ba a kama shi ba, wata baiwar Allah ta yi haƙuri da talauci da ciwo shekara da shekaru ta cika ba wanda ya san da ita. Idan kabari ne ƙarshe, to azzalumi da wanda aka zalunta sun yi daidai, kuma wannan abu ne da lafiyayyen hankali ba ya karɓa. Suratul Muminuna, aya ta 115, ta kore zaton cewa an halicce mu da wasa ba za a mayar da mu ba. Imam Muslim ya ruwaito cewa ranar ƙiyama za a mayar da haƙƙoƙi ga masu su, har tunkiya marar ƙaho sai an rama mata a kan mai ƙaho.

GUSHEWA BA TA SAMUWA KO GA MAI NEMANTA

Ya ɗan'uwa, ga wani abin mamaki. Gushewar da kake tsoro, akwai ranar da wasu za su roƙe ta a hana su. Ƙarshen Suratun Naba'i ya nuna kafiri yana burin ina ma ya zama turɓaya. Suratuz Zukhruf, aya ta 77, ta nuna ƴan wuta suna kiran Maliku, mai tsaronta, suna neman Ubangiji ya kashe su su huta, a amsa musu da cewa suna nan zaune. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani mutum daga al'ummomin da suka gabata, wanda ya yi wa kansa ɓarna da zunubi, ya umurci ƴaƴansa idan ya mutu su ƙone shi, su niƙe, su sheƙe tokar a tudu da teku. Allah ya umurci tudu da teku suka tattaro shi, ya tambaye shi abin da ya sa ya yi haka, ya ce tsoron Ubangijinsa ne, sai Allah ya gafarta masa. Wannan ya nemi gushewa da dukkan dabararsa bai samu ba, abin da ya tarar shi ne Ubangiji mai gafara.

Haka nan ya tabbata daga Abu Sa'idil Khudri (R.A.) cewa bayan ƴan Aljanna sun shiga Aljanna, ƴan wuta sun shiga wuta, za a kawo mutuwa cikin siffar rago a yanka ta a tsakaninsu, a yi shelar dawwama. Ashe mutuwa ce mai ƙarewa, kai kuwa mai wanzuwa ne da izinin Allah. Saboda haka tambayar da ta cancanci ta hana mu barci ita ce: a wane hali za mu kasance, kuma da wane guzuri?

WASWASI BA KAFIRCI BA NE

Wajibi ne a bambanta tsakanin mai musu da mai waswasi. Mai musu ya zaɓi ƙaryatawa, hankalinsa kwance da ita. Mai waswasi kuwa tunanin yana faɗo masa ba da sonsa ba, yana ƙin sa, yana baƙin ciki da shi. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wasu sahabbai sun kai kuka wurin Annabi (S.A.W.) a kan abin da suke ji a zukatansu wanda suke ganin girman furta shi, sai ya sanar da su cewa wannan ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani. Ɓarawo ba ya fasa rumbun da babu hatsi. Haka kuma Nana A'isha (R.A.), da ta ji cewa mai ƙin gamuwa da Allah, Allah yana ƙin gamuwa da shi, sai ta ce ai dukkanmu muna ƙin mutuwa. Annabi ya bayyana mata cewa ba wannan ake nufi ba: mumini idan ajali ya zo ana yi masa bushara da rahamar Allah da yardarsa, a lokacin sai ya so gamuwar. Ke nan natsuwar da kake nema yau, cikonta yana zuwa a sa'ar da ka fi bukatarta.

MAGANI A AIKACE

Na farko, neman ilmi. Ka zauna gaban malami ka karanta babin aƙida, ka saurari tafsirin Suratu Ƙaf da Waƙi'a da Ƙiyama da ƙarshen Yasin. Duhu ba ya fita da kokawa, sai an kunna fitila.

Na biyu, idan waswasi ya zo, ka nemi tsarin Allah daga Shaiɗan ka yanke tunanin, kamar yadda Annabi ya umurci wanda Shaiɗan yake jan sa daga tambaya zuwa tambaya. Ka tashi ka yi alwala, ka yi nafila, ko ka shiga cikin mutane. Yin jayayya da waswasi cikin dare ƙara masa ƙarfi yake yi.

Na uku, ka lazimci addu'o'in kwanciya da na farkawa, da Ayatul Kursiyyu, da Suratu Tabaraka. Ka kwanta da alwala, ka miƙa ranka ga Mai shi da saninka.

Na huɗu, ka gyara abin da ke tsakaninka da Allah da abin da ke tsakaninka da mutane. Sau da yawa nauyin haƙƙi ne yake ɓuya a bayan tsoro. Ka tuba, ka biya bashi, ka mayar da amana, ka nemi gafarar wanda ka zalunta, ka sada zumuncin da ka yanke. Ka rubuta wasiyyarka, domin hadisin Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ya hana mai abin wasiyya ya kwana biyu ba ta rubuce a wurinsa ba, kuma kada ta wuce sulusin dukiya.

Na biyar, ka aika da guzuri gaba. Hadisin Muslim ya nuna abu uku da ladansu ba ya yankewa: sadaka mai gudana, da ilmin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai addu'a. Gina rijiya, dasa itace, koya wa yaro Fatiha, duk suna ciki. Wanda ya aika da kayansa wani gari, zuciyarsa ba ta ƙin tafiya can.

Na shida, halartar jana'iza da ziyarar maƙabarta, domin Annabi ya yi izini da ziyara saboda tana tunatar da lahira. Sallamar da muke yi wa mazauna kusheyi ita kanta darasi ce, tun da ba a yi wa babu sallama.

Na bakwai, kyautata zato ga Allah. Jabir (R.A.) ya ruwaito cewa kwana uku kafin wafatin Annabi ya ji shi yana horon kada ɗayanmu ya mutu face yana kyautata zato ga Ubangijinsa. Kuma ya tabbata cewa Allah ya kasa rahama kashi 100, ya saukar da ɗaya a duniya wanda da shi uwa take tausayin ɗanta, ya riƙe 99 domin ranar ƙiyama.

Na takwas, idan tsoron ya kai ga bugun zuciya mai tsanani, da toshewar numfashi, da rashin barci na makonni, da kasa fita neman abinci, to a je gidan likita, domin akwai ciwon firgita wanda ake yi wa magani, kuma neman magani Sunna ne. A guji bokaye da masu duba, waɗanda za su karɓe dukiya su ƙara wa mutum tsoro da shirka. Kuma kada wahala ta sa wani ya yi burin mutuwa, domin Annabi ya hana.

Muna kira ga malamai da limamai da iyaye: idan yaro ko babba ya zo da irin wannan tambaya, kada a tsawata masa, kada a kunyata shi a gaban jama'a. Wanda aka kora daga zauren malami zai je ya nemi amsa inda ba a so. Kuma masu wa'azi su haɗa tsoratarwa da bushara, kada a yi ta ambaton azabar kabari a manta da ni'imarsa.

KAMMALAWA

A cikin ciwon da Manzon Allah (S.A.W.) ya yi wafati, shekara ta 11 bayan hijira, ya kira ƴarsa Nana Faɗima (R.A.) ya yi mata raɗa sai ta yi kuka, ya sake yi mata raɗa sai ta yi dariya. Daga baya ta bayyana wa Nana A'isha cewa a karon farko ya sanar da ita zai rasu, a karo na biyu kuma ya sanar da ita cewa ita ce farkon wadda za ta riske shi cikin iyalansa. Mace mai ƙuruciya, da ƴaƴa ƙanana, aka ba ta labarin kusantowar ajalinta ta yi farin ciki, saboda ta san wurin wa za ta. Bayan kamar wata shida ta bi shi. Wannan shi ne abin da yaƙini yake yi wa zuciya, kuma ƙofarsa a buɗe take ga duk wanda ya nema.

Ya Allah, ka ƙara mana yaƙini, ka yaye damuwa daga zukatan masu damuwa, ka jiƙan iyayenmu da malamanmu da dukkan musulmin da suka riga mu gidan gaskiya. Ka haskaka makwancinsu, ka tabbatar da mu wajen amsa tambaya, idan tamu ta zo ka sa mu cika da imani, ka tara mu da Annabinka a gidan da babu rabuwa. Amin.